Shekara Uku a Jar Gonar Kwandere

Da hantsi na sauka a tashar motar Lafia, bayan kwana biyu a saman buhunan albasa, ƙafafuna sun kumbura har takalmin roba ya ƙi shiga. Sunana Sa'idu, mutumin wani ƙauye ne a gabashin Tasawa, ƙasar Nijar. Shekarar nan ce fara ta sauko mana gero yana cikin fitar da kai, ta tashi ta bar mana kara tsaye. Na baro tsohona, da matata Hadiza, da 'ya'ya biyu, Zali da ƙaninta Ilu, da rumbun da kowa ya san ba zai kai su tsakiyar rani ba. Abin da na riƙo bai wuce riga biyu a buhu ba, sai doguwar hauyarmu ta noman tsaye.

Hauyar ce ta fara jawo mini dariya. Wani mai lodi ya karɓa ya jujjuya ta, ya kira abokansa.

"Ku zo ku ga abin da ɗan Nija zai yi noma da shi! Oga, wannan na tsinkar mangwaro ne?"

Hausa suke yi, amma sai na kasa kunne kafin in gane. A bakinsu mace "ya zo", namiji ma "ya zo", ga Turanci a tsakiya. Na karɓi hauyata. Kwana huɗu na yi a rumfar masu albasa ina taya su sauke kaya, kafin wani direba ya ce ana neman masu tada tudun doya a Assakio.

A can na san cewa ban iya noma ba. Mu a gida yashi muke nomawa, mutum yana tsaye yana tura hauya kamar mai shara. A nan aka miƙo mini garma mai faɗin faranti, aka ce in sunkuya in tara ƙasa har ta kai gwiwa, in wuce in tara wata. Kafin azahar ta ranar farko tafukana sun yi bororo, washegari suka fashe. Mai gonar wata dattijuwa ce 'yar kabilar Tibi, mijinta ya rasu, ana kiranta Mama Ngodoo. Ta lura ina naɗe hannu da gefen riga.

"Ɗan Nija, kawo hannu na gani."

Na ɓoye. Ta kamo da ƙarfi ta buɗe.

"Kai! Wannan hannu bai san doya ba. Zauna."

Ta dafa ruwa da gishiri ta gasa mini, ta shafa man kaɗanya. Da aka kawo sakwara na ce na ƙoshi, alhali tun jiya ban sa komai a ciki ba. Ta gane. Ranar kasuwa sai ga ta da sabuwar tukunya, ta dire a gabana.

"Wannan naka ne. Alade bai taɓa shiga ba, ba zai shiga ba. Yanzu ka ci abinci, abi kana so ka mutu a gonana?"

Wata uku na yi a wurinta. Na iya garma, na iya haɗiye sakwara, ko da yake kullum in na kwanta hutun rana fura nake gani a ido, irin wadda Hadiza ke damawa da nono mai tsami. Abin da na samu na aika gida ta hannun masu albasa. Amma aikin tudu yana da lokacinsa, da ya ƙare sai kowa ya kama gabansa. Na duba na ga in dai ƙwadago zan dogara da shi, zan tsufa ina aika mudu-mudu. Gona nake so, wadda zan cika buhu da hannuna.

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Lafia, Alhaji Tanko, wanda nake ɗaukar wa kaya, ya ji ina wannan magana. Ya ce yana da gona a Kwandere tana zaune haka nan.

"Je ka noma. Da kaka ka kawo mini abin da ya sawwaƙa."

"Har zuwa yaushe, Alhaji?"

"Har ka gaji."

Na durƙusa na yi godiya. Mu biyu ne kawai a bakin shagon, kuma ko a raina ban kawo cewa ana neman na uku ba.

Da na ga gonar sai murnata ta ragu. Gangare ce, jar ƙasa mai tauri, ruwa ya yi mata zane-zane. Inda ciyawa ta fito tofa ce kawai. Maƙwabcin gonar, wani tsoho mai suna Baba Ari, ya taho yana dogara sanda ya tsaya yana kallona.

"Kai ne baƙon Alhaji? Yaro, wannan gona ya mutu. Masara, masara, masara, shekara da shekaru, ana zuba taki na buhu, rani ya yi a sa wuta. Yanzu ko ka zuba buhu goma, wuta-wuta ne zai ci."

Wuta-wuta ita ce ciyawar nan mai jan fure da muke kira ƙuduji, wadda ke kama saiwar hatsi ta tsotse shi. Na san ta sarai. Na ce wa Baba Ari a garinmu mun tada gonakin da suka fi wannan mutuwa. Ya ce Allah ya taimaka, ya ba ni aron wata bukka a gefen gidansa.

Dabarar da na sani ita ce tassa: a haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru a nan, a shuka. Da ita muke rayar da faƙo a gida. Wata guda na yi ina haƙa, ina tsinto kashin awaki a bola ina zubawa. Ruwan farko ya sauka na shuka masara, ta fito kyawawa, har na fara taƙama. Sai damina ta kankama. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. A gida roƙonsa muke, a nan kwana uku yana zuba bai ɗauke ba. Ramukana suka cika suka zama tafkuna, tsiron ya ruɓe a ciki, na gangare kuma ruwa ya kwashe har da takin ya kai rafi.

Na sake shuka a kan kunya kamar yadda kowa yake yi. Na tattara ɗan abin da ya rage mini na sayi buhun takin zamani a hannun wani mutum da ke saukewa daga mota a bakin kasuwa, yana cewa na gwamnati ne shi ya sa ya yi sauƙi. Na zuba, na jira mako biyu, masara tana nan rawaya kamar mai ciwon shawara. Baba Ari ya ɗebi ragowar ya zuba a kwanon ruwa ya motsa. Na sama-sama ya narke, sauran ya kwanta a ƙasa. Farin yashi ne da tsakuwa.

Cikin wannan watan ne na je kasuwar Lafia, wurin masu waya a ƙarƙashin lema, na kira wani ɗan kasuwar Tasawa da mutanenmu ke taruwa a shagonsa ranar kasuwa. Aka ba Hadiza. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Malam, kana lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya yara?"

Sai ta ce:

"Malam, sai haƙuri. Allah ya karɓi Ilu, yau kwana tara. Zawo ne, jikin kuma babu ƙarfi."

Shekararsa biyu. Da na baro gida bai iya cewa komai ba sai "Baba" da "ruwa". Ina tsaye a tsakiyar kasuwa, masu babur suna ta yi mini oda, na kasa matsawa. Sai na ji muryar tsohona a wayar.

"Sa'idu, ka dawo gida. Abin da ya samu mu ci tare."

"Baba, in na dawo yanzu baki ɗaya na ƙara muku. Ku yafe mini, ku ba ni lokaci."

"Gonar da ka ce ka samu fa?"

"Tana nan, Baba. Za ta yi."

Da na faɗi haka ban san ta yadda za ta yi ba. A kakar nan abin da na cire bai cika buhu biyu ba, wuta-wuta ta yi fure ja wur tun daga sama har gangare. Na kai wa Alhaji Tanko kwano goma, ya yi dariya ya ce in bar shi, in ba kaji.

Na koma ƙwadago. Wannan karon a Shabu na samu, a gonar gwaji ta makarantar aikin gona, inda ake ɗaukar masu cire ciyawa. Wurin ya ba ni mamaki. An yanka fili ƙanana-ƙanana kamar tabarmi, kowanne da allonsa, iri ɗaya aka shuka rana ɗaya, amma wannan kore shar, na kusa da shi rawaya. Mai lura da mu wata ma'aikaciya ce, Madam Rifkatu, 'yar kabilar Eggon, doguwa mai faɗa. Ba ta son a tsaya. Rana ta uku ta same ni tsugune ina murza ƙasar wani fili a hannu.

"Kai, an kawo ka duba ƙasa ne ko cire ciyawa?"

"Madam, tambaya gare ni. Me aka ba wannan da ba a ba wancan ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce duk shekarun da ta yi a nan, lebura bai taɓa tambayarta wannan ba. Na ba ta labarin gonata. Ta ce gobe in zo da ƙasar, daga wuri biyar, in haƙa kamar tsawon tafin hannu.

Na kawo a ƙullin leda. Ta zuba a kofi da ruwa, ta tsoma wata 'yar takarda, takardar ta canja launi.

"Ƙasanka ya yi tsami," in ji ta. "Kuma babu komai a cikinsa da zai riƙe abinci. Ko taki mai kyau ka zuba, ruwa zai wanke. Kana da kuɗi?"

"Babu."

"Kana da ƙarfi?"

"Akwai."

"To ya isa. Amma ba shekara ɗaya ba ne, kar ka zo kana mini kuka."

Ta zaunar da ni a gindin mangwaro ta yi mini bayani da Hausarta. Kada in ƙara barin wuta ta shiga gonar. In tara toka duk inda na samu, ita ce maganin tsamin. In je injinan casar shinkafa na Lafia, buntu yana nan tsibi-tsibi ana rasa yadda za a yi da shi, in haɗa da kashin kaji da na shanu a rami, in riƙa yayyafa ruwa ina juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi. Kunya kuma in daina ja daga sama zuwa gangare, in gitta ta, ruwa ya rasa hanyar gudu. Sannan abin da ya fi yi mini nauyi:

"Bana babu masara. Gyaɗa da waken soya. Su suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma wuta-wuta zai tsiro ya rasa abin kamawa. Wanda ya fito, ka tuge kafin ya yi fure."

"Madam, masara ce abincin da zan aika gida."

"Ka sayar da gyaɗa ka sayi masara. Kai dai ka ji magana."

Ranin nan ban san hutu ba. Na ari baro a wurin Baba Ari. Da safe in yi aikin Shabu, da la'asar in tura buntu daga injin zuwa Kwandere, ƙaiƙayi yana cin wuyana da hammata. Matan da ke toya ƙosai da masu dafa burkutu duk sun san ni, ina bi gida-gida ina kwashe musu toka. Suka sa mini suna Mai Toka. Wasu na cewa ɗan Nija ya taɓu. Wani mai gidan kaji ya ce in share masa keji in kwashe kashin kyauta, na yi ta yi har ƙarshen rani. Na sami wani Bafulatani da ke neman wurin kwanan shanu, na ce ya sauka a gonata, ni zan riƙa jawo musu ruwa a rijiya. Mako shida suka yi, ina matsar da turakun daga wannan gefe zuwa wancan. Da masu farautar ɓera suka sa wuta a dajin kusa, ni da Baba Ari muka tare ta da ɗanyen ganye a bakin iyaka, gashin hannuna duk ya ƙone.

Damina ta biyu gyaɗa ta yi daidai gwargwado, waken soya ya fi ta. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma na sayar na aika gida da buhu uku na masara, karo na farko da na aika abin da ake ɗauka da mutum biyu. Harawar ban sayar duka ba, na bar rabi ta ruɓe a gonar. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ranar da na kafa garma na ɗago, na ga tana, tsutsar ƙasa, tana motsi a ciki. Na ɗauke ta a tafin hannu na kai wa Baba Ari har gida. Ya sa tabarau ya duba, ya ce rabon da ya ga tana a gonar nan tun matarsa ta fari tana da rai.

Na sake rani guda ina turin baro. Damina ta uku na shuka masara, na ratsa wake a tsakani. Wannan karon Madam Rifkatu ta nuna mini inda zan sayi takin zamani na gaskiya, ta ce rabin buhu ya isa, in tona kusa da gindi in binne, kada in watsa. Ƙasar da a da garma ke tsalle a kanta, yanzu ta yi duhu tana shiga kamar gari. Masara ta wuce kaina, ganye har baƙi-baƙi, wasu goyo biyu. Wuta-wuta ta fito ɗai-ɗai, ina bi ina tugewa. Masu wucewa a babur suka riƙa tsayawa. Madam ta zo da kanta ranar wata Asabar, ta shiga ta fito, ta ce, "Ɗan Nija, ka ci jarrabawa," ta hau babur ta tafi.

Alhaji Tanko ma ya zo, karo na farko cikin shekara uku. Ya zaga gonar hannu a baya, yana ta cewa masha Allah. Bayan sati ya aiko a kira ni shago.

"Sa'idu, ka yi ƙoƙari. In ka cire amfaninka, ina son gonata. Ɗana zai noma baɗi."

"Alhaji, cewa ka yi har in gaji. Ban gaji ba."

"Aro na ba ka, ba gado ba. Akwai wata a bayan rafi, ita ma tana zaune. Je ka gyara ta."

Na fita ban yi masa sallama ba. Baba Ari ya raka ni wurin mai unguwa. Aka kira Alhaji, aka zauna a zaure. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya juyo gare ni.

"Lokacin da ya ce har ka gaji, wa ke wurin?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Sai Allah."

"Gona ta kakansa ce, wannan kowa ya sani. Ba ni da ikon hana shi. Amfanin bana naka ne duka, kada ya taɓa ko zangarniya."

Na ce akwai ramin taki biyu a gefen gonar, na baɗi, da na yi wata biyar ina haɗawa. Alhaji ya ce abin da ke cikin gona na gona ne. Nan Baba Ari ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tanko, ka ji kunya mana! Kashin kaji ma za ka yi shari'a a kansa? Kai ka tura baro?"

Sai wani a zauren ya fashe da dariya. Mai unguwa ya ce taki na mai turin baro ne.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan zuciyata ta raya mini abubuwa marasa kyau. Na yi tunanin in tara irin wuta-wuta in watsa masa kafin in fita. Har na fara tsinka a gonar wani na zuba a aljihu. Da na zo bakin gonar na tsaya ina kallon ƙasar, sai na kasa. Na juya na zazzage aljihun a murhun Baba Ari.

Da muka gama ɓare masara, tsohon ya kira ni ya ce yana da fili a hanyar rafi, ya fi na Alhaji girma, ya kuma fi shi lalacewa. 'Ya'yansa duk suna birni, babu mai sha'awar garma.

"Ka noma shekara goma. Kowane kaka kashi ɗaya cikin biyar nawa. Amma ba a nan za mu yi magana ba."

Ya ja ni zauren mai unguwa, ya kira liman, ya kira babban ɗansa daga Lafia, ni kuma na roƙi Madam Rifkatu ta zo. Aka rubuta a takarda da boko da ajami, na dangwala yatsa, kowa ya sa hannu. Kwana goma sha ɗaya na yi ina kwashe takina zuwa sabon wuri.

Masarar nan na ɗora a motar masu albasa na raka ta har gida. Na sami tsohona ya rame amma yana kan ƙafarsa. Aka nuna mini inda aka sa Ilu, na yi masa addu'a. Na cika rumbu, na bar ƙanena a kan gonar gida bayan na nuna masa yadda ake haɗa ramin taki. Da zan komo, tsohona ya ce in tafi da iyalina, zaman ya isa haka.

Mun iso Kwandere ana saura wata biyu ruwa ya sauka. Washegari da safe Hadiza ta ce in kai ta ta ga gonar da ake ta labari. Muka tafi, Zali tana biye da mu. Na tsaya a bakin filin na nuna mata. Ja wur, duk zanen ruwa, tofa nan da can, sai tsibin baƙin taki a gefe guda. Ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta ƙwanƙwasa ƙasar da yatsa, ta ji tauri.

"Malam, wannan ce?"

"Ita ce."

"Waccan ma haka ka same ta?"

"Wannan ta ɗan fi ta muni."

"Shekara nawa?"

"Uku, in ni kaɗai ne."

Ta miƙe ta kakkaɓe hannu, ta kwance gyalenta ta naɗe shi gammo, ta ɗora a ka.

"To ba kai kaɗai ba ne. Ina ne injin shinkafar?"